Layin Dogon Kano zuwa Maraɗi da Kasuwar Dawanau: Nazarin Hanyoyin Ƙara Yawan Kaya da Rage Kuɗin Sufuri

Tsakure

Wannan takarda ta dubi layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi ta mahangar kasuwar hatsi ta Dawanau, da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa a Jihar Kano. Manufarta ita ce gano abubuwan da ke ƙayyade yawan kayan da layin zai iya ɗauka, da kuɗin da zai hau kan kowane buhu. An bi tarihin tsohon dogo tun isowarsa Kano a 1911, an waiwayi abin da ya faru a Habasha da Kenya da Tanzaniya da Nijar, sannan an yi amfani da lissafi na misali wanda kowa zai iya bi ya tantance. Takardar ta nuna cewa a layi guda mai jigilar amfanin gona, lokacin da jirgi da tarago ke ɓatawa a tsaye ya fi gudun jirgi tasiri a kan yawan kaya da tsadar sufuri. Don haka ta ba da shawarar a fifita wuraren kaucewa, da dandalin lodi a bakin kasuwa, da tsayayyen jadawali, da kayan dawowa, da tattalin man dizal, tun kafin a kammala aikin.

1.0 Gabatarwa

A watan Satumban 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a kan kuɗi kusan dala biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 9 ga Fabrairun 2021. Tsawon layin kilomita 284 ne, zai bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya kafin ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, kuma yana da reshe zuwa Dutse. Layi guda ne, mai faɗin milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna.

Tun daga lokacin, muhawara ta fi karkata ga tambayoyi biyu: nawa aka kashe, kuma yaushe za a gama. Tambaya ta uku ba ta samu kulawar da ta kamata ba, ita ce: ranar da aka gama, me zai sa ɗan kasuwar da ke da buhu ɗari uku na masara a Dawanau ya bar tirelar da ya saba da ita ya nemi tarago? Amsarta ce za ta nuna ko layin zai riƙe kansa ko zai zama nauyi a wuyan baitulmali. An zaɓi Dawanau ne saboda a duk tsawon layin babu wata matattarar kaya da ta kai ta girma, kuma tana nan a bakin Kano ta arewa maso yamma, a ɓangaren da layin zai fita.

2.0 Abin da tsohon dogo ya koyar

Layin Baro zuwa Kano, wanda aka faro a zamanin Gwamna Percy Girouard, ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Turawa sun sa ran auduga za su kwasa, sai manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, domin ta fi kawo kuɗi kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cin ta. Gyaɗar da Najeriya ta fitar ta tashi daga tan dubu biyu da ɗoriya a 1912 zuwa sama da tan 19,000 a 1913. Fatake irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a fataucin goro, su ne suka haɗa manomi da tasha. Darasin farko ke nan: injiniya ke shimfiɗa dogo, amma ɗan kasuwa ke cika tarago, kuma ba lalle ya cika shi da abin da aka tsara a ofis ba.

Darasi na biyu yana cikin dalar gyaɗa. A yau ana tuna ta a matsayin alamar arziki, kuma haka ne. Sai dai a wajen masanin sufuri, dala mai buhu kusan 15,000 da ke jibge watanni a fili alama ce ta cewa jirgi ya kasa kwashe abin da ƙasa ta noma. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙarancin kawunan jirgi da taragai ya sa gyaɗar wata kaka takan tarar da ta bara ba a gama kwashewa ba, ƙwari na ci, kuɗin ajiya na hawa. Dogon yana nan shimfiɗe, abin da ya gaza shi ne zirga-zirgar da ke kansa.

Darasi na uku ya shafi makamashi. Jiragen wancan zamani gawayin kwal suke ci, wanda sai an ɗauko shi daga Inugu zuwa arewa, ma'ana jirgi na cinye wani kaso na ƙarfinsa wajen dakon abincin kansa. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fara shigo da injinan dizal a tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da dokar 1955 ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya. A 1964 hukumar ta yi dakon kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan haka adadin ya faɗo zuwa tan miliyan 1 da kaɗan, ya ci gaba da zubewa. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun rage kaya, titunan mota sun yawaita, gyara ya yi ƙaranci a layi mai faɗin milimita 1,067 wanda tun asali aka gina da arha, mai kwane-kwane da hawa da gangara. Ko da aka farfaɗo da layin Legas zuwa Kano mai kilomita 1,126 a Disambar 2012, 'yan kasuwa ba su dawo yadda aka zata ba, domin ba wanda zai iya faɗa musu ranar da kaya za su isa.

3.0 Dawanau da irin kayanta

Kasuwar Dawanau ta kafu a tsakiyar shekarun 1980, wato ta girma ne a zamanin da jirgin ƙasa ya riga ya durƙushe. Duk tsarinta na mota ne. Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da waken suya da garin rogo suna shigowa daga kasuwannin ƙauye a ƙananan motoci da manya, a sauke a sito, dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a sake lodawa. Riɗi da zoɓo da citta kuma ana tsaftace su a auna, a cusa a kwantena zuwa tashar ruwa ta Legas, daga can riɗi ya nufi Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo ya nufi Meziko.

Yana da kyau a dubi yadda ake lodin tirela guda. Mota takan ja da baya har bakin sito, a jingina katako mai kauri daga ƙasa zuwa bayanta. Mutum biyu su ɗaga buhu mai kilo ɗari su aza wa ɗan dako a kafaɗa, ya hau katakon da sassarfa yana lanƙwasa a ƙarƙashinsa, ya juye wa masu jera a ciki, ya sauko ta gefe don kada ya tare na bayansa. A gindin katakon akwai mai ƙirga na mai kaya da na direba, kowa na riƙe da nasa lissafi. Kafin la'asar an ɗaure tamfal, mota ta kama hanya, kuma mai kaya yana da lambar wayar direba. Sau ɗaya aka ɗaga buhun nan, kuma sau ɗaya za a sauke shi a ƙofar mai saye. Wannan sauƙin ne jirgin ƙasa zai yi gogayya da shi.

Jirgi yana da rinjaye a nauyi da nisa. A ɗauka tarago na ɗaukar tan 40, jirgi na jan tarago 30: tan 1,200 ke nan, buhu 12,000, daidai da tirela 40 masu tan talatin-talatin. Amma kilomita 284 gajeriyar tafiya ce a ma'aunin jirgin kaya. Idan sai an lodi buhu a mota daga sito zuwa tasha, a sauke, a loda a tarago, a can ma a maimaita, to an ɗaga shi sau uku maimakon sau ɗaya, kowace ɗagawa kuma da ladan dako da zubewa da jira. Rarar da jirgi ya samar a kan hanya za ta ƙare a bakin tasha.

Akwai kuma giɓin da ke kudu. Sabon dogo ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016, ya haɗa Legas da Ibadan tun 2021, ana kuma aikin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203 wanda aka ƙaddamar a Zawaciki a watan Yulin 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa ba a shimfiɗa ba. Har sai an cike wannan giɓi, kwantenar riɗi ba za ta tashi daga Kano ta isa tashar ruwa ta Apapa a Legas a kan sabon dogo kai tsaye ba, dole ta bi tsohon layi ko ta sauya abin hawa a hanya. Saboda haka duk tsarin da za a yi wa Dawanau dole ya yi la'akari da dogo iri biyu, da kuma tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka buɗe a watan Janairun 2023.

4.0 Ƙarfin layi guda yana wuraren kaucewa

A layi guda jirgi biyu ba sa haɗuwa sai a inda aka yi ɗan gajeren layi na biyu da ɗaya zai raɓe ɗaya ya wuce. Kamar siririyar hanya ce tsakanin gonaki biyu da damina: idan amalanke biyu suka fuskanci juna, dole ɗaya ya jira a inda hanyar ta ɗan buɗe, kuma nisan wuraren buɗewar ne ke nuna amalanke nawa za su wuce a wuni. A layin dogo, tazarar da ta fi kowace tsawo tsakanin wuraren kaucewa biyu ita ke yanke wa dukan layin hukunci.

Ga lissafi na misali. Kwana guda minti 1,440 ne. A ware minti 240 don duba layi da gyara, saura 1,200. A ce tazara mafi tsawo kilomita 30 ce, jirgin kaya na tafiyar kilomita 40 a awa, zai cinye ta a minti 45. A ƙara minti 10 na ba da izini da juya dogo da tashi, ya zama 55. Idan aka raba 1,200 da 55 za a samu jirgi 21 da ɗoriya. Tunda ba a cika jadawali maƙil, sai an bar sararin jinkiri, a ɗauki kashi 70 cikin ɗari: jirgi 15 a kwana, zuwa da dawowa.

Yanzu a gwada hanyoyi biyu na ƙari. Idan aka ɗaga gudu zuwa kilomita 60 a awa, wanda ke buƙatar inji mai ƙarfi da ƙarin mai, adadin zai kai 21. Idan kuwa aka bar gudun yadda yake aka sa wurin kaucewa guda a tsakiyar tazarar, adadin zai kai 25. In aka haɗa da sigina da ake sarrafawa daga ɗaki guda, yadda minti 10 ɗin nan za su koma 5, za a doshi 30. Wato dogon da bai wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, in aka sa shi a daidai wurin da ya dace aka haɗa da irin wannan sigina, ya ninka aikin layin, alhali shimfiɗa layi na biyu daga farko zuwa ƙarshe zai ci kuɗin da ba a da su.

Tsawon wurin kaucewa ma abin lura ne, domin shi ke ƙayyade tsawon jirgi. Wurin da aka gina don tarago 30 ba zai ɓoye jirgi mai tarago 45 ba. Ba lalle a gina dogaye tun yanzu ba, amma ya kamata a killace filinsu yanzu. A ƙasar Kano, fili da ke gefen sabuwar tasha ba ya shekara biyu bai zama fuloti ba, diyyar gida kuma ta fi diyyar gona nesa ba kusa ba.

Wani abin da ke cin ƙarfin layi shi ne cakuɗa jirage masu mabambancin gudu. Jirgin fasinja mai sauri yakan tilasta wa na kaya ya raɓe ya jira. Maganinsa a jadawali yake: a tara jiragen fasinja a safiya da yamma, a bar wa na kaya tsakar rana da dare, su bi juna a jere da gudu iri ɗaya.

5.0 Zagayen tarago da dandalin lodi

Tarago ba ya kawo kuɗi sai yana tafe da kaya. Daga Kano zuwa Maraɗi, a gudun kilomita 40, tafiyar awa 7 ce, zuwa da dawowa awa 14. A ce lodi ya ci kwana 2, binciken kan iyaka kwana 2, saukewa kwana 2. Zagaye guda ya doshi mako, kuma a cikinsa tarago bai yi tafiyar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na lokacin ba. A shekara zai yi sawu 52, ya kwashi tan 2,000 da kaɗan. Idan aka mayar da kowace tsayuwa rabin kwana, zagayen zai koma kwana 2 da 'yan awoyi, tarago guda ya yi sawu sama da 150, ya kwashi tan 6,000. An ninka aiki sau uku ba a sayi tarago ko ɗaya ba, bashin da aka sayo taragan da shi kuma ya rabu a kan buhuna masu yawa.

Ta yaya za a lodi buhu 12,000 a rabin kwana? Ba sai an jira manyan injinan ɗaga kaya ba. Dawanau na da 'yan dako da suka san aikinsu. Abin da ake buƙata shi ne reshen dogo da zai shigo jikin kasuwa, da dandali mai rufi wanda tsayinsa ya yi daidai da ƙasan tarago, tsawonsa kuma ya kai na jirgin gaba ɗaya. A ce rukunin 'yan dako guda na cika tarago a awa 3. Idan dandalin tarago 5 kawai yake ɗauka, sai an ja jirgin gaba sau 6, awa 18 ke nan ban da ɓata lokacin jan. Idan ya ɗauki duka 30, rukuni 30 su yi aiki lokaci guda, an gama kafin azahar. Dandali mai daidai da bakin tarago ya kuma kawar da hawan katako, ya ba da damar tura buhu a kura, wanda ya fi sauƙi ga ƙashin bayan ɗan dako. A gefe guda a ware filin kwantena da sikelin auna mota, domin riɗi da zoɓo.

Sauran aikin na haɗa kaya ne. Da wuya a samu ɗan kasuwa guda da zai cika jirgi zuwa gari guda a rana guda. Dillalai da shugabannin sassan kasuwa sun daɗe suna haɗa kayan mutum uku ko huɗu a mota ɗaya, kowa da alamarsa a buhu. Wannan tsarin za a faɗaɗa: a sayar da gurbin tarago ɗai-ɗai ko rabi-rabi, mai kaya ya kama gurbi ta waya, ya karɓi takardar shaida mai lambar tarago, ya kuma san wanda zai biya shi in kaya suka jiƙe ko suka ɓata.

6.0 Jadawali, kayan dawowa da kan iyaka

Ɗan kasuwar hatsi yakan jure tafiyar da ba ta da sauri, abin da ba ya jurewa shi ne rashin sanin ranar isa, domin farashi na motsi kuma sau da yawa kuɗin da ke cikin buhunan na wani ne. Jirgin da ke tashi duk Litinin da Alhamis da ƙarfe huɗu, ko ya cika ko bai cika ba, zai tara kaya cikin 'yan watanni. Wanda ke jiran sai ya cika ba zai taɓa cika ba. Kenya ta gwada wata hanyar bayan buɗe layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, ta tilasta wa masu shigo da kwantena hawa jirgi. Koke ya yi yawa, aka janye umarnin a 2022. Tilas ba ta maye gurbin aiki mai kyau.

Jirgin da ya tafi da kaya ya dawo wayam, buhun da ya tafi ne ke biyan kuɗin dawowar. Abin farin ciki, wannan hanya tana da kaya ta kowane ɓangare. Masara da gero da dawa da garin rogo na hawa arewa, wake da aya da riɗi da albasa da dabbobi na gangarowa daga Nijar. Lokutansu ma sun bambanta: hatsi da kaka, takin zamani gab da faɗuwar damina, siminti da rani, raguna da shanu kafin Babbar Sallah. An taɓa gwada dakon shanu a jirgi daga Gusau zuwa Legas a 2016. Mai tsara jadawali ya kamata ya ajiye kalandar manomi a gabansa, ya sauƙaƙa farashi a ɓangaren da taragai ke dawowa ba kaya, ya kuma kai manyan gyare-gyare watannin da kasuwa ta lafa.

Kan iyaka na iya rushe duk wannan lissafi. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Siyasa ba ta hannun injiniya, amma abu biyu suna hannunsa. Na farko, a tsara yadda ɓangaren Kano zuwa Katsina da Jibiya da reshen Dutse za su riƙe kansu da kayan cikin gida ko da iyaka na rufe. Na biyu, a yi binciken kwastam sau ɗaya, a wurin lodi, a liƙe tarago, jami'an ƙasashen biyu su amince da takarda guda. Layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, wanda ya zauna ba jirgin kasuwanci a kansa, ya isa gargaɗi game da dogon da bai haɗu da kowa ba.

7.0 Tattalin makamashi

Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da turjiya irin ta taya a kan kwalta, shi ya sa jirgin kaya kan ci kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na man da manyan motoci za su ci a kan kaya iri ɗaya. Hukumar Makamashi ta Duniya, a rahotonta na 2019 kan makomar jiragen ƙasa, ta ce jirage na dakon kusan kashi 7 cikin ɗari na kayan duniya da kashi 8 na fasinjoji, amma kashi 2 kacal na makamashin sufuri suke ci. Sai dai wannan rara ta jirgin da ya cika ce kuma yake tafiya ba tsaye-tsaye.

Jirgi mai nauyin tan 1,500 da ke gudun kilomita 60 a awa, idan ya taka birki ya tsaya, ƙarfin da ya zubar ya kai abin da injin dizal zai ƙona lita 20 kafin ya mayar. Tsayuwa biyar marasa dalili a sawu guda lita ɗari ke nan, ban da man da inji ke sha yana ruri a tsaye. Nan ne tsarin zirga-zirga da tattalin mai suka zama abu guda. Idan ɗakin sarrafa jirage ya san inda kowane jirgi yake, zai iya gaya wa direba ya sassauta tun daga nesa, ya iso wurin kaucewa daidai lokacin da ɗan'uwansa ya wuce, maimakon ya zo a guje ya tsaya jira. Sanin hawa da gangarar layi, da sakin inji a gangara, da kashe shi in tsayuwa za ta yi tsawo, duk horo ne da ƙaramar na'ura, ba gini ba. Wajibi ne kuma a riƙa auna man kowane inji a kan kowane sawu. Jirgin Legas zuwa Ibadan da mai ya ƙare masa a daji a watan Maris na 2022 ya nuna cewa lissafin mai ba ƙaramin al'amari ba ne.

Game da lantarki, ra'ayin wannan takarda shi ne kada a yi gaggawa. Layin Addis Ababa zuwa Jibuti, wanda ya fara aikin kasuwanci a 2018, na lantarki ne, kuma ɗaukewar wuta ta sha tsayar da jiragensa. Tanzaniya ta fara nata daga Darussalam zuwa Dodoma a 2024, a daidai lokacin da madatsar Julius Nyerere mai megawat 2,115 ta fara ba da wuta. Najeriya kuwa wutar da take rabawa ga ƙasa baki ɗaya takan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Turaku da wayoyi ba sa biyan kuɗinsu sai jirage sun yi yawa. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a bar isasshen sarari a ƙarƙashin kowace gada don wayar gobe, a ba sigina da tashoshi da dandalin lodi wutar hasken rana da batir, a kuma sa ido kan bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614, wanda zai iya buɗe ƙofar injinan da ke haɗa dizal da iskar gas.

8.0 Dogo a tsakiyar gonaki

Karkarar da ke kewaye da Dawanau na cikin yankin da Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun shekarun 1960, inda jama'a suka yi yawa har ƙasa ba ta hutawa, ana noma ta kowace shekara da taimakon takin gargajiya, gawo da ɗorawa da kuka na tsaye a cikin gonaki. Magidanci guda kan mallaki 'yan gonaki a wurare dabam-dabam. Layin dogo da ya ratsa irin wannan ƙasa zai raba mutum da gonarsa, ya datse burtali da hanyar makaranta da ta maƙabarta.

Wannan batu na adalci ne, kuma na lissafi ne. Inda ba a yi wa mutane mashiga ba, za su yi wa kansu, su yanke shinge su kora shanu ta kan dogo. Kowace irin wannan mashiga na tilasta wa jirgi rage gudu, kuma an ga yadda karo da raƙuma da sauran dabbobi ya sa aka rage gudun jirage a layin Habasha. Kwalbatin da amalanken shanu zai iya bi ta ciki da lodin kara ya fi arha a lokacin gini fiye da bayan jirgi ya fara aiki. Haka magudanan ruwa: tudun da aka ɗora dogo a kai, in bai da isassun kafofi, zai tare ruwan Agusta ya cinye gonakin gefe, daga baya ya ci tudun kansa. A tantance wuraren nan tare da dagatai da masu unguwanni da ardo, domin su suka san inda ruwa ke bi da inda garke ke ratsawa.

Tsaro ma haka. Harin 28 ga Maris na 2022 ya tsayar da jirgin Abuja zuwa Kaduna har Disambar shekarar, wata takwas layi na kwance ba shiga ba fita. Ɗaukar 'yan garuruwan da layin ya ratsa aikin sintiri da share magudana, da albashi tsayayye, zai sa a samu idon da ke kan kowace kilomita dare da rana.

9.0 Kammalawa da shawarwari

Takardar ta nuna cewa yawan kayan da layin Kano zuwa Maraɗi zai ɗauka, da abin da buhu zai biya, sun rataya ne a kan rage tsayuwa: a wurin kaucewa, a dandalin lodi, a kan iyaka, da kuma a mashigar dabbobi. Mafi yawan matakan ƙanana ne idan aka auna su da dala biliyan 1.96, amma tsadarsu za ta ninka in aka bari sai an gama gini. Bisa haka ake ba da waɗannan shawarwari:

1. Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya ta killace filin ƙarin wuraren kaucewa da na tsawaita su tun yanzu.
2. Gwamnatin Jihar Kano, tunda gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, ta haɗa hannu da 'yan kasuwar Dawanau da masu zuba jari a gina reshen dogo da dogon dandalin lodi a jikin kasuwa, a kuma haɗa shi da tashar tsandauri ta Dala.
3. Hukumar Jiragen Ƙasa ta fitar da tsayayyen jadawalin jiragen kaya da farashi a bayyane, ta riƙa buga alƙaluma uku duk wata: kwanakin zagayen tarago, yawan taragan da suka dawo ba kaya, da litar man da aka ƙona a kan kowane tan.
4. Hukumomin kwastam na Najeriya da Nijar su amince da bincike guda a wurin lodi.
5. Jami'o'in yankin, musamman Jami'ar Bayero da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya, su ƙirga motocin da ke shiga da fita Dawanau na tsawon shekara guda cur, da irin kayansu da inda suka nufa, domin a ɗora girman dandali da yawan taragai a kan abin da kasuwar ke fitarwa a zahiri.